Wasiƙa daga unguwar Nima, Akra: aikina a bakin titin jirgi

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya gida, ya damina? Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Yaya ya faɗa mini a waya cewa Inna ba ta samun barci tun da ta ji cewa a kusa da jiragen soja nake aiki, har ta ce in tattara in dawo Kano ko da dako zan riƙa yi a Kwari. Shi ya sa na zauna na rubuta, Auta ta karanta muku a tsanake.

Na san abin da ya tayar da hankalin. Jirgin nan ne mai saukar ungulu da ya faɗi ranar 6 ga Agustan 2025 a nan Gana, a hanyarsa ta zuwa garin Obuasi, mutum takwas suka rasu, har da ministan tsaro da ministan muhalli, Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed. Mu ma a zango abin ya girgiza mu ƙwarai. Amma Inna, ni ƙafata ba ta barin ƙasa. Kuma manyan jiragen nan masu ruwan bama-bamai da ake nunawa a talabijin babu su a nan. Waɗanda nake gani kullum ƙanana ne, K-8 ƙirar Sin masu kujera biyu da ake koyar da matuƙa, sai C-295 mai ɗaukar sojoji da kaya. Titi ɗaya ne a filin jirgin Akra, tsawonsa ya haura kilomita 3, soja da farar hula duk a kansa suke sauka.

Aikinmu yankan ciyawa ne da tsinta. Da sassafe mukan jeru kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye, muna tafiya a hankali kamar masu kalar gyaɗa. Noti, ƙusa, tsakuwa, murfin kwalba, komai ƙanƙantarsa sai a ɗauke. Da farko na raina aikin, har wani bakanike ya kai ni ya nuna mini farfelar cikin inji da tsakuwa ta ɓantare. Ya ce injin yana zuƙar iska da ƙarfin da zai tsotsi abin da ke gabansa, noti guda ya isa ya lalata shi. Ciyawar kuwa saboda tsuntsaye ne, balbela da shirwa da hankaka masu biyo ƙwari. Ga kuma jemagun unguwar 37, da magariba in suka tashi daga bishiyoyi sai sama ta yi baƙi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na ga abin tsoro da idona. A watan Yuni ne, an tafka ruwa ya ɗauke, titin yana sheƙi. Muna can nesa da shi mun kashe injin yankan ciyawa muna jira. Wani ƙaramin jirgi ya sauko, ya dira, sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tayar hagu ce ta fashe. Ya riƙa ja gefe, ƙarfen tayar yana kartar kwalta, tartsatsi na tashi, har ya sauka daga titin ya kafe a taɓo. Ban san lokacin da na durƙusa ina salati ba. 'Yan kwana-kwana suka iso kafin in miƙe, suka kewaye shi. Saje yana ta daka mana tsawa kada wanda ya matso, don birki in ya yi zafi ɗaya tayar ma tana iya fashewa, kuma ta gefe take jifa. Warin ƙonanniyar roba da na man jirgi, mai kama da kananzir, ya cika wurin.

Mutum biyun duk da ƙafarsu suka fito. Ƙaramin cikinsu bai fi sa'an Yaya ba. Da aka fito da shi nesa ya zauna a kan ciyawar da na yanke da safen nan, ya cire hular kwano, kansa sharkaf da gumi. Na miƙa masa ruwan leda, hannunsa na rawa har ya kasa yage bakin ledar, ni na yage masa. Ya ɗago ya ce mini na gode da Hausa. Ashe ɗan Tamale ne. Ranar har la'asar muna tsintar gutsattsarin roba, mun cika buhu biyu.

Dalilin da ya sa ake tsoron ruwa, idan ya kwanta a titi tayar kan hau kansa ba ta taɓa kwalta, kamar mai silifa a kan jiƙaƙƙen siminti, birki kuma ba ya ci. Mutanen Nima har yau suna tuna watan Yunin 2012, da jirgin kaya daga Legas ya sauka cikin ruwan sama, ya zarce titin, ya fasa katanga, ya afka wa motar haya a kusa da filin wasa na El-Wak. Mutum goma suka mutu nan take, kuma duk na ƙasa ne, masu komawa gida. Duk lokacin da aka ce mu yashe magudanun gefen titi, su nake tunawa, ba na ha'inci.

Baba, ga wani abu da na san za ka so. Akwai wani tsoho da muke sallar asuba tare, mahaifinsa ya yi aikin mirgina durom ɗin mai a wannan filin zamanin yaƙin Hitila, lokacin da jiragen Amurka masu jefa bam ke tsallako teku daga Birazil su yada zango a Akra. Ya ce mahaifin nasa ya ga wani da tayoyinsa suka ƙi fitowa, ya yi ta kewaya sama har mai ya ragu, sannan ya sauka a kan cikinsa, ƙura ta turnuƙe, amma mutanen ciki suka fito a guje. Shi ya ba ni labarin yadda tun 1940 Turawan Ingila ke kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar. Mai jefa bam da ake kira Blenheim shi ke jan gaba saboda yana da mai duba hanya, ƙananan na biye da shi. Nan take na tuna da marigayi Kaka, yadda yake cewa suna yara sukan ruga bakin filin jirgi kallo. Wataƙila jirgin da mahaifin tsohon nan ya zuba wa mai shi Kaka ya ɗaga kai ya gani. Don Allah Baba ka tuno abin da ya faɗa maka, Auta ta rubuto mini, na yi wa tsohon alkawari.

Inna, ki bar ni in ƙara shekara guda, in kammala kuɗin rufin ɗakin nan. Ana ba mu abin toshe kunne da riga mai ƙyalli, kuma ba mai taka titi sai an ba da izini daga hasumiya. Addu'arki nake roƙo, ki haɗa da yaran nan matuƙa.

Na ba Kawu saƙo, da atamfa turmi biyu, ɗaya taki ɗaya ta Gwaggo. Motarsu za ta taso ranar Asabar in Allah ya yarda.

Wassalam,
Ɗanku