Binciken itatuwan maganin ciwon sukari ya daɗe a kan ɓeraye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan binciken da jami'o'inmu ke yi game da itatuwa da ganyayyakin da ake cewa suna maganin ciwon sukari. Na shafe shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ina taya ɗalibai aikin kammala karatunsu, kuma ciwon bai bar gidanmu ba, domin yayana ya haura shekara 10 yana fama da shi.

Ba na cikin masu raina maganin gargajiya, kuma duk wanda ya san tarihin magungunan asibiti ba zai raina shi ba. Metformin, ƙwayar da likitoci suka fi fara bai wa mai ciwon sukari nau'i na biyu a duk duniya, asalinta daga wata ciyawa ce ta Turai mai suna Galega officinalis, wadda mutanen zamanin da suka daɗe suna magani da ita. Sinadarin da aka fara cirowa daga ciyawar yana sauke sukari, amma yana da dafi, sai masana suka ci gaba da aiki a kan danginsa har wani likita ɗan Faransa, Jean Sterne, ya gwada metformin a kan marasa lafiya a shekarar 1957. Ke nan ba abin mamaki ba ne idan aka ce akwai wani alheri ɓoye a cikin zogale, ko shuwaka, ko garafuni, ko hulba, ko sassaƙen marke. Damuwata ita ce inda bincikenmu yake tsayawa.

Ga yadda aikin yake gudana a gabana shekara da shekaru. Ɗalibi zai samo ganye, ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa garin a ruwa ko a methanol, ya tace, ya ƙafar da shi har ya zama ɗanko. Sai a kawo fararen ɓeraye a yi musu allurar alloxan ko streptozotocin, waɗanda ke lalata ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin a jikinsu, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Bayan kamar kwana uku a tsaga bakin jelar kowane ɓera, a ɗiga jini a kan tsinken na'urar awo, wanda sukarinsa ya hau a ware shi. Daga nan a riƙa ɗura musu maganin gwargwadon nauyinsu na mako biyu zuwa huɗu, kuma sau da yawa sukarin yakan sauka. Ɗalibi ya rubuta, a ɗaure kundi da baƙin bango, a jera shi a kanta, baɗi kuma wani ya zo ya ɗauki ganyen nan dai ya sake daga farko.

Wannan mataki yana da muhimmanci, amma matakin farko ne kawai. Ɓeran da aka lalata wa ƙwayoyin insulin da allura ya fi kama da mai nau'i na ɗaya, alhali kusan tara cikin goma na masu ciwon nau'i na biyu gare su, inda jiki ke samar da insulin amma ba ya amsa masa yadda ya kamata, lamarin da ke da alaƙa da gado da ƙiba da shekaru da yanayin abinci. Bugu da ƙari, mako huɗu ba su isa su nuna abin da sassaƙe zai yi wa hanta da ƙodar mutumin da zai sha shi shekara biyar ba.

Haka abin yake da sinadaran antioksidan da ake yawan ambato. Tushen maganar gaskiya ne: idan sukari ya daɗe da yawa a jini, jiki yakan samar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma suna da hannu wajen lalacewar ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Ganyayyaki irin su zogale da soɓo da kurkum suna ɗauke da sinadaran da ke tare wannan ɓarna. A ɗakin gwaji muna da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, wanda idan aka zuba masa ruwan ganye ya koma rawaya, sai a ce ganyen yana da ƙarfin antioksidan. Na ga wannan sauyin launi sau ba adadi, kuma kusan kowane ganye yana yin sa. Amma kwalbar gwaji daban, jikin ɗan Adam daban. A wani babban gwaji mai suna HOPE da aka wallafa a shekarar 2000, an bi mutum fiye da 9,000, cikinsu har da masu ciwon sukari fiye da 3,000, aka riƙa bai wa rabinsu bitamin E, wanda shi ma antioksidan ne, kullum tsawon shekaru, kuma bai rage musu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne yadda wannan rabin bincike ke fitowa kasuwa. Wata ranar Juma'a yayana ya tsaya gaban wata mota mai lasifika a kai, mai maganin yana ɗaga wata takarda yana cewa jami'a ta tabbatar jiƙonsa na warkar da sukari har abada. Ya sayi gora biyu na wani ruwa mai ɗaci, ya ajiye ƙwayoyinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba, domin kuɗin magani na wata-wata ya riga ya gajiyar da shi, kuma ban ga laifinsa ba a nan. Bayan wata biyu matarsa ta lura yana tashi fitsari sau biyar a dare, ya rame, ga wani ɗan rauni a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Da muka auna, na'urar ta nuna sama da 400, alhali 126 ma kafin karin kumallo alama ce ta ciwon. Allah Ya taimake mu ba a yanke ƙafar ba, amma yatsan ya tafi.

Muna da misalin abin da za a iya yi a ƙasar nan. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta daidaita shi, ta gwada shi a kan masu cutar sikila, aka wallafa sakamakon a 2001, ya zama maganin Niprisan. Ko da yake sarrafa shi ya gamu da cikas daga baya, ya nuna cewa hanyar daga turmi zuwa asibiti ba ta fi ƙarfinmu ba.

Saboda haka ina kira ga jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su haɗa kai su zaɓi itatuwa uku ko huɗu da suka fi nuna alama, maimakon kowa ya yi ta maimaita aiki ɗaya. A tantance wane ɓangare na itacen ake so, da lokacin ɗibarsa, da adadin da ke cikin kowane cokali, domin zogalen damina da na rani ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. A binciki illarsa ga hanta da ƙoda na dogon lokaci, da yadda yake cuɗanya da ƙwayoyin sukari na asibiti irin su metformin ko glibenclamide, tunda mutanenmu da yawa haɗawa suke yi, kuma sukari yana iya faɗuwa ƙasa har mutum ya suma. Sannan a kai shi asibitocin koyarwa a gwada a kan marasa lafiyar da suka amince, ba tare da an raba su da maganinsu ba, a auna da gwajin HbA1c wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata uku. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana ba da kuɗin bincike, kuma irin wannan aiki ya cancanci kaso mai tsoka. Masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, a jawo su a jiki da rubutacciyar yarjejeniya, domin ba za su buɗe sirrinsu ba matuƙar suna tsoron za a ci moriyar ganga a yada kwaurenta.

Ita kuma hukumar NAFDAC ya kamata ta wayar da kan jama'a da Hausa cewa lambar da take bai wa maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta an duba lafiyar shansa, ba shaidar yana warkarwa ba.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, ina roƙon jaridarka ta tura wakili zuwa tsangayoyin harhaɗa magunguna kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, ya tambaye su wane itace ne cikin waɗanda suka daɗe suna bincike ya kai ga gwaji a kan mutane, me kuma ya tsayar da sauran. Yayana ya koma kan ƙwayoyinsa, yana cin kwaɗon zogalensa da sanin likitansa, kuma har yanzu duk sanda na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko an samu wani labari daga wurin aikinmu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna