Ka Fara Sayen Kujerun Kafin Motar

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da mai ɗakinka. Ya jikin nata? Allah ya raba lafiya. Tun ranar da ka bugo ka ce likita ya sake dubawa ya ga uku ne ba biyu ba, mahaifiyarka ta kasa zama wuri ɗaya, ni kuwa dariya nake ta yi ina tuna 'yar motarka da kake ji da ita kamar ƙwai. To, lokacin rabuwa da ita ya yi.

Na ga hotunan motocin da ka turo, ka ce in zaɓa maka ɗaya. Ba zan zaɓa ba tukuna, domin ka kamo zancen ta wutsiya. Kana kallon fenti da fitilu, alhali abin da za ka saya shi ne wurin zaman mutum uku waɗanda ko wuyansu ba su iya riƙewa ba. Ka fara sayen kujerun jariran, sannan ka nemo motar da za ta ɗauke su. Da yawa sun yi akasin haka: sun biya kuɗin mota, sun kawo ta gida, sai ranar ɗaura kujeru suka tarar ta uku ba ta shiga, ko ta shiga ƙofa ta ƙi rufuwa.

Na san abin da za ka ce a ranka, cewa ku a cinya aka riƙe ku, ga ku nan kun girma. Gaskiya ne, kuma ba abin alfahari ba ne, Allah ne ya tsare. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya cak, daidai take da faɗowa daga tsayin mita 10. Babu hannun uwar da zai riƙe ɗa a wannan lokacin, komai son da take masa. Da na san haka a lokacinku, da ban yarda ba.

Kujerar jariri baya take kallo, ba gaba ba. Kan jariri ya kai kusan rubu'in tsawon jikinsa, ga nauyi, ƙashin wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, maɗauri zai riƙe jiki, kai kuma ya fizgi wuya. In yana kallon baya, kwandon kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya a lokaci guda. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan dabara a 1964, bayan ya ga yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine don jure ƙarfin tashin kumbo. Ƙa'idar Turai ta i-Size, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana juya yaro gaba kafin ya cika wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa a 2018 cewa ta yi a bar shi yana kallon baya har sai ya kai iyakar tsawo ko nauyin da kujerar ta yarda. Kuma ko da wasa kada irin wannan kujera ta hau gidan gaba inda jakar iska, wadda ke kumbura nan take in an yi karo, ke aiki. Jakar da ke ceton babba ita ke kashe jariri.

Ga wani abu da ya shafe ku musamman. 'Yan uku ba kasafai suke cika wata tara ba, galibi wajen mako 32 zuwa 33 suke zuwa, da yawansu ba su kai kilo 2 ba. Kowace kujera tana da mafi ƙarancin nauyin da aka yarda a sa mata, an rubuta a jikinta. Wasu daga kilo 1.8 suke farawa, wasu sai 2.3. Ka nemi mai farawa daga ƙasa, mai ƙananan ramukan maɗauri, domin ga mai kallon baya maɗaurin daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan ya kamata ya fito. A asibitoci da dama, kafin a sallami bakwaini, sai an zaunar da shi a kujerarsa na tsawon awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa. Ka tambayi likitanku wannan tun yanzu. Wanda bai jure zaman ba akan ba shi ɗan gadon mota na kwance, shi kuwa ya fi kujera cin wuri, sai ka sa wannan ma a lissafi.

Kujera dai kada ka sayi ta hannu. Mota ta hannu na yarda, domin makanike zai iya shiga ƙarƙashinta ya ga abin da ta ɓoye. Kujerar da aka taɓa haɗari da ita kuwa kyan ɗan maciji gare ta, tsagewar tana cikin roba inda ido ba ya kaiwa. Sannan tana da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera ta, kuma ranar tana nan a manne a ƙasa ko a bayanta. In dole ta sa, to ka karɓa daga wanda ka san shi ka san tarihin kujerar, da littafinta da dukkan kayanta. Tsada ba ita ce aminci ba. Mai araha da ta cika ƙa'ida, aka ɗaura ta daidai, ta fi mai tsadar da ke rawa. Abin da za ka fi dubawa shi ne faɗi. Sirara suna kai santimita 43 ko kusa da haka, uku a jere ke nan kana bukatar wajen santimita 130 na fili tsakanin ƙofa da ƙofa, kuma a inda ya fi matsewa za ka auna, ba a inda ya fi buɗewa ba.

To, yanzu mota. Na yarda da kai ƙaramar bas ta iyali ce maganin, ba jif ba, saboda ƙofarta mai zamewa da kuma ƙasa-ƙasa da take. Ranar da ka tsaya a matsattsen wuri da kwandon jariri a kowane hannu za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro ƙofar nan. Amma ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai mai cin mutum bakwai, wadda layin tsakiyarta kujeru biyu ne da hanya a tsakani, akwai mai cin takwas, wadda layin tsakiyarta uku ne. Mai bakwai ta fi daɗin zama ga manya, shi ya sa dillalai ke yabonta, sai dai a wurinka tana nufin jariri ɗaya zai koma can layin ƙarshe. Ka ɗan yi tunanin mai ɗakinka, ba ta daɗe da haihuwa ba, wataƙila ma da ɗinkin tiyata a jikinta, tana sunkuyo tana ratsawa da kwando zuwa baya sau huɗu a rana. Kuma da zarar ka ɗaure kujerun jarirai a layin tsakiya, a yawancin motoci kujerun motar ba za su ƙara kifuwa su ba da hanyar shiga baya ba.

Ni a ganina uku a jere a layin tsakiya ya fi. Hannu yana kai wa kowa, layin baya kuma ka naɗe shi ka samu wurin kaya. Honda Odyssey mai cin takwas daga ƙirar 2011 tana da kujerun tsakiya da ake iya matsar da na gefe waje don a ƙara fili. Volkswagen Sharan daga 2010 da 'yar'uwarta Seat Alhambra, da Ford Galaxy, kujeru uku ne masu zaman kansu a tsakiya. Toyota Sienna tana da suna wajen juriya, akwai ta mai bakwai akwai mai takwas, sai ka duba kujerar tsakiyar da kyau domin a wasu shekarun siririya ce. Ban ce ka tsaya kan waɗannan kaɗai ba. Suna ɗaya, shekara daban, ciki daban. Abin da ya shiga motar abokinka ba lallai ya shiga taka ba.

Ka cusa hannu tsakanin mazauni da majinginar kujerar mota, za ka ji wasu ƙarafa biyu. Su ne maƙalan kujerar yara, a Turai ISOFIX ake ce musu, a Amurka LATCH, inda aka wajabta su tun 2002. Ka ƙirga wurin zama nawa ne ke da su, kada ka karɓi maganar mai sayarwa, ka buɗe littafin motar ka gani. Sau da yawa na gefe biyu ne ke da su, ta tsakiya babu. Wannan ba ya kashe ciniki, domin ɗauri da bel ɗin mota, in an yi shi daidai, amincinsu ɗaya. Abin da ba a yi shi ne aron ƙarfe ɗaya daga dama ɗaya daga hagu a ɗaure ta tsakiya, sai fa in littafin mota da na kujera duka sun yarda. Ka duba kuma maƙalin igiyar sama, wato igiyar da ke riƙe saman kujerar yaro, a bayan kowace kujera. Yau ba ruwanka da shi, amma ranar da suka girma aka juya su gaba za ka neme shi, guda uku, a rana ɗaya.

Ranar zuwa ganin mota ka tafi da kujerun nan uku, da keken tura su, da tef ɗin awo. Za a yi maka kallon wanda ya zare, ka ƙyale su, gani ya kori ji. Ka ɗaura duka ukun. Ka kama kowace a daidai inda bel ya ratsa ka girgiza, kada ta motsa fiye da santimita 2.5. Ka cire ta tsakiya ka sake girgiza na gefe, don wani lokaci matse juna suke yi ka ɗauka sun ɗauru. Ka duba alamar kwanciyar da ke gefen kujera, domin in ta miƙe da yawa haɓar jariri za ta faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi. Sannan ka shiga mazaunin direba ka gyara kujera daidai ƙafarka. Kai dogo ne kamar kakanka, kujera mai kallon baya kuma tana cin wuri ta gaba. In sai gwiwarka ta dafe sitiyari kafin ta samu wuri, wannan motar ba taka ba ce. Daga nan ka naɗe keken ka sa a but ka rufe. Mai sayarwar da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama.

Sauran binciken aikin makanike ne, kuma naka za ka kai, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka bincika ko an taɓa haɗari da motar, ko kamfani ya taɓa kiran irinta don gyara. Batun jakunkunan iska masu lahani na kamfanin Takata ya shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da dama, wasu har yau ba a canja musu ba. In ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi. Ka zaro kowane bel har ƙarshe ka duba zarensa, ka fizge shi ka ji ya cije. Ka tuƙa ta har inji ya yi zafi ka saurari yadda giya ke shiga. Injin Odyssey mai silinda shida da bel ɗin tayimin yake aiki, ana canja shi wajen kilomita 160,000 zuwa 170,000, ka nemi shaidar an canja. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, taya kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ƙofofin nan masu zamewa ka buɗe ka rufe kowace sau goma, in masu lantarki ne ka ƙara, ka kuma tabbata makullin hana yara buɗewa yana aiki.

Ka sa hanci ma. Kafin a haife ka na taɓa sayen wata mota da ke tashin ƙamshi kamar ɗakin amarya, na ɗauka tsabtar mai ita ce. Ashe ambaliya ta taɓa shanye ta. Wata uku ana bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har na sayar da ita da asara. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, in ka ga tsatsa ko busasshen taɓo ka juya.

Na'urar sanyaya ta baya ba ado ba ce a wurinka. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, mota a rufe kuma cikin minti 10 zafinta kan ƙaru da sama da digiri 10. Ka zauna a baya da kanka ka ji ko iska na isowa. Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Za ku yi watanni ba ku yi barcin kirki ba, wanda bai yi barci ba kuwa yana manta abin da bai taɓa zaton zai manta ba. Ku mayar da shi ɗabi'a, duk wanda ya kashe mota ya ƙirga da baki, ɗaya, biyu, uku, kafin ya kulle. Ko shiga kanti na minti biyu ne, ba a barin kowa a ciki.

Wajen ɗaure su, a cire musu riga mai kauri, a ja maɗauri har sai ka kasa tsunkule shi da yatsu a kan kafaɗa, in ana sanyi a lulluɓa bargo daga sama. Kada a ƙara matashi ko wani tarkacen da bai zo da kujerar ba. A doguwar tafiya ku riƙa tsayawa kuna ciro su, kada su haura awa biyu a zaune, in kun iso gida kuma a mayar da su shimfiɗarsu ko da barci suke. Duk wanda zai riƙa taya ku, har da mahaifiyarka, ka koya masa ɗaurin nan da hannunka. Za ta ce ta raini yara kafin a haife ka. Ka ce mata ni na ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuma waɗannan baƙin ba sa jiran ranar da aka sa musu. Ina so kafin cikin ya cika wata bakwai mota tana ƙofar gida, kujeru a ɗaure, ka gwada cirewa da mayarwa har hannunka ya saba ko a cikin duhu. In ka samu biyu da suka ci gwajin kujerun, ka turo mini lambobin shasinsu da hoton ƙarƙashin kowace, a nan ne zan zaɓa maka.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa mai jikin ta daina ɗaga kaya masu nauyi. Allah ya yi muku albarka, ya kawo mana su lafiya.

Mahaifinka.