Godiya Ga Shagon Faifan Da Ya Dawo Wa Mahaifina Da Dariyarsa

Zuwa ga Alhaji mai shagon faifan fina-finai na bakin titin unguwarmu, da yaransa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya iyali? Alhaji, na san ba kwa son a yayata alherinku, shi ya sa ban kama sunanku ko na shagon ba. Waɗanda suka san mu za su gane. Sai dai godiyar da na yi muku a tsaye a bakin kanta ba ta ishe ni ba, don haka na ga ya dace in rubuta ta inda jama'a za su karanta.

Wata bakwai ke nan da Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, yana iya zama da kansa, magana ma ta dawo. Abin da ya ƙi dawowa shi ne walwala. Mutumin da a da zaurensa ba ya rabuwa da 'yan hira, sai ga shi ya juya fuska bango, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Wata rana da la'asar ina matsa masa ƙafa, ban tambaye shi komai ba, ya kama ba ni labarin yadda suke tara 'yan kwabbansu suna samari su tafi Palas ko Filaza kallon fim ɗin kaboyi. Ya ce ko kalma ɗaya ta Turanci ba sa ji, amma da zarar jarumi ya haye doki sai silima ta kaure da ihu. Tun da ya kwanta ban ji ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Washegari na fita neman fim ɗin kaboyi.

Na shiga shago ya fi biyar. Ko'ina fassarar Indiya ce, da na Koriya, da na Turkiyya, da namu na gida. A wani wurin ma ba a ɗago kai an dube ni ba. Da na zo wurinku kuka ba ni benci, kuka tambayi shekarun Baba, kuka tambayi abin da ke sa shi dariya lokacin da yake da lafiya. Na ce shi mutum ne mai son labarin wayo da dabara, duk jikokinsa a bakinsa suka koyi tatsuniyar Gizo. Kuka ce ba ku da abin da ya dace da shi a shago, amma in ba ku mako biyu. Da makon ya cika kaya ba su iso ba, ku da kanku kuka kira ni kuka ba da haƙuri, tun kafin in waiwaye ku. Ranar da faifan suka iso kuka nuna mini takardar kuɗin da kuka biya, ba ku ɗora komai a kai ba sai kuɗin mota. Sannan kuka faɗa mini maganar da mai neman ciniki kawai ba zai faɗa ba: jarumin wannan shiri ɗan caca ne, in fara kallon kashi ɗaya ni kaɗai, in na ga bai dace da dattijo ba in dawo da shi ku mayar mini da kuɗina.

Shirin shi ne Maverick, wanda tashar ABC ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumba na 1957, aka ci gaba da shi har 1962, kashi 124, duka baƙi da fari. Roy Huggins ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Warner Bros. ya shirya, James Garner ya fito a matsayin Bret Maverick. A 1959 ya ci kyautar Emmy ta shirin kaboyi mafi kyau. Baba bai taɓa ganinsa ba, domin shirin talabijin ne, shi kuwa kallonsa na silima ne. Sunan kansa yana da tarihi. A Teksas an yi wani mai dukiya, Samuel Maverick, wanda ba ya sa wa shanunsa shaidar ƙarfe mai zafi kamar yadda sauran makiyaya ke yi, har sunansa ya zama sunan duk wani maraƙin da ke yawo babu shaidar mai shi, daga baya kuma ya zama sunan mutumin da ba ya bin garke. Da aka yi wa Baba wannan bayani ya ce, "To, ɗan ba-ruwana ke nan."

Matsalar ita ce harshe. Turancina na takardun ofis ne, ba ya kamo maganar Amurkawa in suna sauri. Na koma na faɗa muku, kuka kira ƙaramin yaron shagonku, wanda ke karatu a jami'a, kuka ce duk ranar Alhamis bayan sallar isha'i ya zo gidanmu ya zauna kusa da Baba ya riƙa fassara masa. Na yi maganar lada, kuka ce in bar wannan zance.

Daren farko Baba bai ji daɗi ba. Kaboyin da ya sani mutum ne da ba ya ja da baya, harbinsa ba ya kuskure, ba ya yawan magana. Sai ga wani mai baƙar hula da tsabtataccen kwat, bakinsa ba ya hutawa, in an zaro bindiga shi ƙofar fita yake lalube, kuma ba ya jin kunyar faɗin cewa yana son ransa da kuɗinsa. Har takardar dala 1,000 yake maƙalewa da allura a cikin kwat ɗinsa saboda ranar tsiya. Baba ya tsuke baki ya ce, "Wannan ai matsoraci ne." Yaronku bai yi masa musu ba. Cewa ya yi, "Baba, a ƙara masa mako ɗaya."

A mako na uku aka zo kashin da aka nuna a 1959, wanda Clint Eastwood ya fito a ciki yana matashi, a matsayin ɗan ta-kife mai saurin zaro bindiga da ke neman Bret da faɗa. Baba ya gane fuskarsa nan take, ya nuna shi da hannunsa mai lafiya, domin ya sha ganinsa a silima. Bret ya san in aka tsaya gaba da gaba ba zai kai labari ba. Sai suka shirya da ɗan'uwansa Bart, wanda Jack Kelly ke fitowa a matsayinsa, Bart ya shigo gari da sunan John Wesley Hardin, ɗan bindigar da kowa ke tsoro, suka yi faɗan ƙarya a idon jama'a, Bret ya yi kamar ya harbe shi. Ɗan ta-kifen da ya ga haka sai jikinsa ya yi sanyi. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe Gizo ne ya sa hula." Daga ranar bai sake kiransa matsoraci ba.

Na daɗe ina juya wannan magana ta Baba, kuma ina ganin ya faɗi daidai, amma da ɗan bambanci. Gizo ba shi da ƙarfi, yana da kwaɗayi, da dabara yake kayar da zaki da kura, kuma duk haka Bret yake. Sai dai Gizo yakan cuci kowa, har da Ƙoƙi matarsa. Shi kuwa Bret, duk da kurin da yake yi cewa kansa kaɗai ya sani, in aka zo inda za a zalunci marar ƙarfi sai ka ga ya tsaya, yana gunaguni amma ya tsaya. Wannan ne ya sa na yarda dattijo ya ci gaba da kallonsa. Caca haramun ce, Baba ma ya faɗa ba sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya koyi karta a gidanmu. Abin da ya riƙe mu shi ne mutumin da yake jin tsoro kamar kowa, ba ya ɓoyewa, amma tsoron bai hana shi yin abin da ya kamata ba. Da yaronku ya gaya wa Baba cewa Garner ɗin da ke wasan gudun faɗa tsohon soja ne, an ji masa rauni sau biyu a yaƙin Koriya har aka ba shi lambar girmamawa, Baba ya gyaɗa kai ya ce wanda ya ga yaƙi da idonsa ba ya yi masa kirari.

Yanzu bari in zo kan yaronku, domin shi ne zuciyar wannan wasiƙa. Ban san fassara sana'a ce mai zurfi haka ba sai da na zauna ina kallonsa. Ba ya bin kowace kalma. In Garner ya ɗaga gira, ko ya saki wannan murmushi nasa na wanda aka kama amma bai karaya ba, sai yaron ya yi shiru ya bar Baba da fuskar, domin ta riga ta faɗi komai. In Bret ya jawo maganar tsohonsa, kamar yadda ya saba kafa hujja da abin da babansa ke cewa a duk lokacin da yake neman zillewa, sai yaron ya juya ta yadda muke juya karin maganarmu, ya kawo zancen tukuna sannan ya rufe da "in ji tsohona". Kunnen da ya saba da "ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya" ba ya buƙatar a yi masa bayanin inda abin dariyar yake.

Daren da ba zan manta ba shi ne na kashin garin Sunny Acres, na 1958. Bret ya ci dala 15,000 a karta, ya kai wa mai bankin garin ajiya da dare. Gari na wayewa mai banki ya ce shi bai san zancen ba. Ba shaida, kuma mai banki babban mutum ne a gari, wa zai yarda da ɗan caca? Baba ya gyara zama yana jiran a fasa banki da bindiga. Maimakon haka Bret ya samu kujera mai lilo a bakin masauki ya zauna, ya zaro 'yar wuƙa yana sassaƙa itace. Kullum mutanen gari su zo wucewa su tambaye shi cikin ba'a ko kuɗin sun fito, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, gajeriya, yana murmushi. Da farko yaron ya fassara ta da "ina aiki a kai". Baba bai motsa ba. Na ga yaron ya ciji leɓe. Da aka sake tambayar, Bret na lilo a kujera hankali kwance, sai yaron ya kwantar da murya ya ce, "Ana nan ana fama."

Alhaji, Baba ya yi dariya har da hawaye. Dariya ta gaske, daga ciki, wadda ta sa Hajiya ta fito daga ɗaki da sauri tana zaton wani abu ne ya same shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi. Sai da aka tsayar da faifan ya huta. Aka ci gaba, ana ganin yadda Bart da abokansa suka shigo gari ɗaya bayan ɗaya suka ɗana wa mai banki tarko da hannun jarin wata mahaƙa da ba ta da daraja, kwaɗayinsa ya ja shi ciki, shi kuwa mai kuɗin bai bar kujerarsa ba. Duk lokacin da aka dawo kansa, tun kafin yaron ya buɗe baki Baba ke riga shi: "Ana nan ana fama."

Ba kowace dariya ce ta tsallako ba, kuma a nan ma yaronku ya burge ni. Akwai kashin da aka yi don kwaikwayon wani shirin kaboyi na zamanin, Gunsmoke. Yaron ya faɗa wa Baba gaskiya cewa wannan ba'a ce ta cikin gida, sai wanda ya san wancan shirin zai ji daɗinta, bai ƙirƙiro wata magana daga kansa ya cusa a bakin 'yan wasa don a yi dariya ba. Haka kuma da Baba ya tambayi ko mai baƙar hula yana nan har ƙarshe, ya gaya masa cewa Garner ya bar shirin a 1960 bayan saɓani da kamfanin, har ya kai su kotu, ya kuma yi nasara, sannan aka kawo Roger Moore a matsayin ɗan baffansu Beau. Baba ya ce in an kai nan a koma masa farko.

Yanzu zauren ya fara dawowa. Abokan Baba biyu sun ji labari, duk Alhamis suna zuwa da tabarminsu. In masu dubiya suka ce, "Malam, ya jiki?" sai ya dube su da ɓarin murmushin da ciwo ya bar masa ya ce, "Ana nan ana fama." Su suna jin amsar marar lafiya ce, mu 'yan gida mun san daga inda ta fito. Ya ma fara yarda da motsa hannun da likita ya ce a riƙa yi masa, wanda a da sai an yi ta lallashi.

Allah ya saka muku da alheri, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya jiƙan mahaifanku, ya ba yaron nan ilimi mai amfani. Baba ya ce in gaishe ku da kyau, kuma in an samu hali ku leƙo da kanku ya gan ku. Hajiya kuma ta ce a gaya wa yaron kada ya ci abinci kafin ya taho ranar Alhamis, dambu za ta yi.

Wassalam.

Naku,
Babban ɗan dattijon da ke lungun bayan masallaci.