Takardar da Auta ya sa wa hannu

Kano, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Manchesta, ya karatun nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? Wata biyar ke nan rabon da in ji ɗuriyarka, in ban da hoton ƙanƙarar da ka turo mana a WhatsApp kamar kai ka saukar da ita. Ban yi fushi ba, amma na ajiye a raina. Akwai tambayar da nake son yi maka, sai dai bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji, don na san ba ka sauraren saƙon muryar da ya wuce minti biyu.

Auta ya saki matarsa.

E, yarinyar nan ta Gwammaja, wadda ka ci shinkafar bikinta faranti biyu ka ce ba ka ƙoshi ba. Ni na kai kuɗin gaisuwa, ni na yi jigilar lefe daga Kantin Kwari, ni na zauna kusa da Kawu aka karɓo auren. Ango ya yi mako biyu ya koma Hustan, can jihar Teksas ta Amurka, ita kuma ta zauna fiye da shekara tana jiran biza, ta je Legas aka yi mata tambayoyi, na raka ta filin jirgin Malam Aminu Kano tana kuka Hajiya na kuka. Shi ya sa yanzu kowane ɓangare ni yake nema, kai ka ce ni na rubuta takardar sakin.

Abin da ya haɗa su, tsakanin miji da mata sai Allah. Shi ya ce ba ta jin magana. Ita ta ce yana fita aiki tun kafin asuba, sai dare ya raba ya dawo, ya bar ta a ɗaki a garin da ko burodi za ka saya sai da mota. Yarinyar da ta tashi a gidan mutum ashirin. Wata rana rai ya ɓaci, ya rubuta mata saki ɗaya a waya. Ta koma gidan wata 'yar Zariya da suka saba a masallaci, a can ta yi idda, ya kuwa tura kuɗin abinci har ta gama, wannan kam na shaide shi. A lissafinsa an rufe littafi.

Ashe ba a ma buɗe ba. Da farko dai a Teksas sakin waya ba ya raba aure a idon hukuma, sai kotu, kuma ko babu gardama sai an jira aƙalla kwana 60. Wannan mai sauƙi ne. Lauyansa ma ya kwantar masa da hankali cewa a jiharsu ba kasafai kotu ke ɗora wa mutum ciyar da tsohuwar mata ba in auren bai kai shekara 10 ba. Har ya bugo min yana dariya. Bayan mako biyu lauyarta ta aiko da kwafin wata takarda, da sa hannunsa raɗau a ƙasa.

Sunanta I-864. Duk wanda zai ɗauko matarsa ta zauna a Amurka sai ya cike ta, tun dokar da suka yi a 1996. A ciki ya yi wa gwamnati alkawarin zai riƙe wadda ya kawo, abin da ke shigo mata ba zai gaza kashi 125 cikin 100 na mizanin talaucin ƙasar ba. A 2024 mizanin mutum ɗaya dala 15,060 ne a shekara, ka ga alkawarin ya kama 18,825. In tana aiki a cire abin da take samu, ya cike giɓin. Ka buga wannan a farashin Wapa ka ga ko ba za ka nemi ruwan sanyi ba. Kuma a jikin takardar an rubuta ƙarara cewa saki ba ya warware alkawarin. Abin da ke sauke masa kayan shi ne ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin da ya kai kusan shekara 10 a lissafinsu, ko ta bar ƙasar ta rasa izinin zama, ko ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya. Na ce masa, Auta, ba ka karanta ba ne? Ya ce, Yaya, wa ke karanta takarda lokacin da yake ɗokin amarya?

Da ka ga falon Hajiya ranar Juma'a. An ɗauke wuta, zafi kamar a gasa gurasa, Gwaggo na fifita da murfin kwali, wayata a kan tabarma a tsakiya, muryar Auta na fita tana yankewa. Hajiya ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce, to ba ta gama idda ba? Na ce ta gama. Ta ce akwai ciki? Na ce babu. Ta ce to ciyarwar me kuma? Gwaggo ta ce a bari kawai, Allah ya kawo mata miji nagari a huta. Da na gaya musu ko ta yi wani auren takardar na nan daram, sai Gwaggo ta ajiye kwalin ta ce, wannan ai ba aure aka ɗaura ba, bashi aka ci.

Af, kafin in manta, Mai Shayi ya ƙara aure. Wallahi. Mutumin da har yau yake bin ka kuɗin indomi uku da ƙwai, ya ce in gaya maka bai yafe ba, kuma yanzu da fam yake so. An tashe shi daga bakin titi, ya koma lungun bayan masallaci, majalisa duk ta watse, daga ni sai masu gardamar Pillars.

To, ka riƙe kujerarka. Lokacin cike takardun, albashin Auta bai kai ba, aka ce ya nemo wanda zai tsaya masa. Wa ya tsaya? Dogo. Dogonmu, mai cewa shi ko biro ba ya ara wa mutum. Ya sa hannu a irin takardar don zumunci, kuma doka ta ba ta damar ta bi duk wanda ta ga dama a cikinsu. Yanzu sau uku yake kira na a rana, matarsa ta daina gaishe da Auta. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma abin ya ba ni tausayi, don 'ya'yansa huɗu.

Inda muka yi baram-baram da Auta shi ne maganar katin zama. Da yake auren bai cika shekara 2 ba lokacin da ta shiga, girin kad ɗin da aka ba ta na shekara 2 ne, mai sharaɗi. A cikin kwana 90 na ƙarshe ake so miji da mata su cike wata takardar tare, I-751, a cire sharaɗin. Shi ne ya ce ba zai sa hannu ba, a koro ta gida kowa ya huta. Na ce masa ka ji kunya. Yarinyar da aka ba ka amana, ka raba ta da karatunta a BUK tana aji biyu, yanzu ka dawo da ita da akwati ɗaya unguwa ta yi ta nuna ta? Ya kashe wayar. Kuma ma dabarar ba ta da ƙafa, don wadda aka saka tana iya cikewa ita kaɗai, in ta nuna auren gaskiya aka yi ba na neman takarda ba. Hujja kuwa tana da ita buhu-buhu. Shekaranjiya ƙaninta ya zo shago karɓar bidiyon kamu da na wuni, wanda ni na biya mai ɗauka da kuɗina. Na jima ina juya filashin a hannuna. Na ba shi. Hajiya ba ta sani ba, kai ma kada ka kuskura ka faɗa wa Maman yara, don na san layinsu da Gwaggo ba ya hutawa.

Bayan sallar asuba na tare Malam na zayyana masa komai, don Kawu na ta cewa haram yarinyar za ta ci. Malam ya ce ciyarwar aure ta ƙare da idda, wannan babu ja. Amma alkawarin da baligi mai hankali ya ɗauka da hannunsa, ba a tilasta shi ba, wani babi ne daban, ya janyo min ayar farko ta Suratul Ma'ida. Sai dai ya fi son a yi sulhu, kada a kai ga tonon silili a kotun da ba ta san mutuncin gidajen biyu ba. Ni ma nan na tsaya. Ta fara aiki a wani kanti, tana son karatun jinya. In ya tallafa mata ta tsaya da ƙafarta, giɓin da zai cike raguwa zai yi, in kuma ta cika shekara 5 da katin ta nemi zama 'yar ƙasa, shi da Dogo su sami lafiya. Da auren na nan, in mijin ɗan ƙasa ne, shekara 3 ce kawai. Ranar Asabar za mu je Gwammaja ni da Kawu, ban san da wace fuska zan kalli mahaifinta ba, mutumin da ya ce min a zaure, na ba ku ne don ku.

Kai kuma da kake ta yi min maganar ɗauko ƙanwar matarka da haɗa ta da wani abokinka a can, ka dai karanta duk abin da aka miƙo maka kafin ka zana wannan sa hannun naka mai kama da tafiyar kaza.

Wuta ta dawo, bari in ruga in sa caji kafin su farga. Tambayar da na ce zan yi maka ta shige min duhu, in ta faɗo zan turo. Ka gaida Maman yara da 'yan makaranta. Rigar sanyin da ka yi min alkawari tun bara, hunturu ya zo ya wuce ina jira.

Naka,
Na Ƙofar Mata