Wasiƙa a kan gidan gungume na iyalan Oliver

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka nemi in yi maka bayanin gidajen gungume na ƙauyukan Amurka, yadda itace ke kai shekara 200 bai ruɓe ba. Bari in ɗauki guda ɗaya, gidan John Oliver da ke kwarin Cades Cove a jihar Tenesi.

John Oliver da matarsa Lucretia sun sauka kwarin a 1818, lokacin ƙasar tana hannun ƙabilar Cherokee, su ne ma suka taimaka musu da abinci a hunturun farko. Gidan da ke tsaye yanzu an gina shi a farkon shekarun 1820. Zuriyarsu ta riƙe wurin fiye da shekara 100, har gwamnati ta karɓe kwarin don gandun shaƙatawa na Great Smoky Mountains da aka kafa a 1934. Wani daga zuriyar, John W. Oliver, ya yi ta shari'a, amma dole ya tashi a ƙarshen 1937. Gida ya tsira, masu gida suka rasa shi.

To, ga aikin. Ana kayar da itace miƙaƙƙe, a bi jikinsa da gatari ana yin sara-sara, sannan a feƙe shi da gatari mai faɗin baki har ɓangare biyu su baje. Asirin yana kusurwa. Ana yanka kan kowane gungume a karkace yadda zai hau na ƙasansa ya kulle, ba ƙusa ko ɗaya, nauyi ne ke riƙe su. Karkacewar kuma waje take kallo, don ruwan sama ya zirare maimakon ya kwanta a cikin gaɓa. Ƙofa da taga ƙanana ne, saboda sanyi, kuma duk inda ka yanke gungume ka rage wa bango ƙarfi. Ratar da ke tsakanin gungume da gungume ana cusa mata guntayen itace ko duwatsu, a bi da yaɓen laka. Bututun hayaƙi na dutse ne, shi ma da laka aka ɗaure shi.

Inda ɓarna ke farawa shi ne gungumen ƙasa. Ruwan da ke zubowa daga rufi yana fantsama masa, ɗanshin ƙasa na hawansa, gara na biye. Shi ya sa ake ɗora gidan a kan duwatsu, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. Gwajin mai sauƙi ne, ka soka ƙusa. In ta shige kamar cikin dafaffiyar doya, aiki ya same ka. Sai a ɗaga bangon da jak a hankali, kaɗan-kaɗan kada gaɓoɓi su tsage, a zare ruɓaɓɓen, a sa busasshe irinsa.

Kuskuren da ya fi cin tsofaffin gidajen nan shi ne mai gyara ya cire laka ya sa siminti, wai don ya daɗe. Itace yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, siminti kuwa ba ya motsi. Sai tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, gungume ya ruɓe ta ciki, waje yana kyau. Ka san abin, haka ginin ƙasa ke yi a wajenmu in an shafe shi da siminti, wata rana ɓawon ya faɗo a ga bango ya zagwanye. Laka tana faɗuwa, gaskiya ne, sai an riƙa sabunta ta, amma ba ta cutar itace.

Ka gaida mini mutanen gida, da yara baki ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.