Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Agora na Zuba Kan Ɓatan Matafiya Saboda Kamannin Sunayen Garuruwa

Zuwa ga Mai Martaba Agora na Zuba,
Fadar Zuba, Ƙaramar Hukumar Gwagwalada,
Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Allah ya ja zamanin sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka masu neman abinci a bakin tashoshin Zuba da kasuwar kayan marmari: 'yan tireda, masu shayi, 'yan dako, direbobi da limaman masallatan bakin hanya. Mun kawo kuka a kan wani abu da mutum zai ɗauka abin dariya ne, sai ran da ya faɗa wa nasa.

Ranka ya daɗe, kusan duk wanda ya taso daga Kano, Katsina, Zariya ko Sakkwato ta hanyar Kaduna, a Zuba yake fara taka ƙasar Abuja. A nan kuma hanya ta rabu. Ɗaya ta miƙe Gwagwalada, Kwali, Abaji har Lokoja. Ɗayar ta bi ta Dei-Dei da Kubwa ta shiga birni. Wanda ya hau motar da ba tasa ba a wannan mararraba, ya yi gabas ne alhali buƙatarsa tana yamma, kuma ba zai gane ba sai kwandasta ya ce a sauka, an iso.

Babbar matsalar ita ce Gwagwa da Gwagwalada. Gwagwa tana can ta wajen Dei-Dei, kan hanyar Karmo, a ƙaramar hukumar birni. Gwagwalada kuwa hedikwatar ƙaramar hukumarmu ce, kuma a can Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yake. To, mai kiran fasinja ba ya tsayawa ya faɗi suna har ƙarshe. Cikin ƙarar injuna da hon, abin da ke isa kunnen baƙo shi ne "Gwagwa, Gwagwa!", sauran ya tafi da iska. Mu da muke zaune a bakin titi mun sha ganin an dawo da mai jinya da majinyacinsa daga Gwagwa, an jigata, rana ta yi, layin ganin likita ya wuce, kuɗin motar da aka ƙulla a bakin zani ya ƙare. Mu ne muke haɗa musu karo-karo, limami ya yi sanarwa bayan sallah a taimaka wa bayin Allah. Ba ma ƙyashin taimakon, amma wahalar da tsohuwa ta sha a banza ba kuɗinmu ne zai goge ta ba.

Haka Karmo da Karu da Karshi. Karmo tana kusa da Gwagwa. Karu sai an keta birni an hau hanyar Keffi, kuma ita kanta biyu ce, akwai ta Abuja, akwai ta jihar Nasarawa bayan Mararraba. Karshi tana can gaba da Jikwoyi da Orozo. Yaron da aka turo wajen yayansa ya koyi sana'a, da takarda a aljihu an rubuta suna da hannun wanda shi ma bai taɓa zuwa ba, ta ina zai bambance? Ga Kubwa da Kugbo da Kuje. Masu yi wa ƙasa hidima suna neman sansaninsu na Kubwa, masu ziyarar ɗan'uwa a gidan gyaran hali suna neman Kuje, dukansu kuma a gabanmu suke tambaya. Jabi da Jahi da Jiwa, Wuse da Wuye, waɗannan ko ɗan gari yakan sake tambaya. Har Abaji da Abuja akwai wanda suka rikita, ya yi barci a mota ya farka a kan iyakar Kogi.

Na Dutse kuwa ya fi ciwo ga aljihu, don mutum yana nufin Dutsen Alhaji da ke nan ƙaramar hukumar Bwari, wani ya ɗauka babban birnin Jigawa yake nufi, ko a yi akasin haka wajen aika kaya. Buhu ya yi tafiyar yini guda zuwa inda ba a neme shi ba, a dawo ana rigima a kan wanda zai biya.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A Zuba yana ɓata, ranka ya daɗe, domin wanda ya tambaya ɗin so yake motarsa ta cika. Ba dukan direbobi da 'yan kamasho ba, cikinmu ma akwai su, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne. Amma akwai wanda ko ina ka ce za ka, amsarsa ɗaya ce: "Shiga, hanya ce." Kuma gyara kuskure a Abuja da tsada yake. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, don haka wanda aka sauke a inda bai sani ba sai dai ya sake neman mota, wani lokaci biyu ko uku. In dare ya same shi, ga 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da ke farautar irinsa, mai jaka a hannu yana waige-waige.

Muna so mu fito fili a kan abu guda: ba mu zo neman a sauya sunan kowane gari ba. Sunayen nan na masu ƙasa ne, sun girmi dokar 1976 da ta kafa babban birnin, sun girmi ƙaurar gwamnati daga Legas a 1991. Mu da muka zo cin arziki ba mu da bakin cewa a taɓa su. Abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa wa baƙo gane su.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen shugaban ƙaramar hukuma a kafa manyan alluna a bakin kowane layin lodi, a rubuta cikakken sunan gari da abin da aka san shi da shi: Gwagwalada, hanyar Lokoja, asibitin koyarwa; Gwagwa, ta Dei-Dei, hanyar Karmo. A rubuta da boko, a kuma rubuta da ajami. Wannan na ajamin muna jaddada shi, saboda da yawa daga cikin dattawa da almajiran da ke sauka nan ba su yi boko ba, amma in suka ga ajami ba sa buƙatar kowa ya karanta musu.

Muna kuma roƙon fada ta kira shugabannin tashoshi ta ja kunnensu, mai kiran fasinja ya riƙa faɗin suna cikakke, direba kuma kafin ya ta da mota ya juyo ya faɗi inda za shi da Hausa da Turanci, abin da ba zai ci masa minti ɗaya ba. Wanda aka tabbatar ya ɗauki fasinja da gangan ya kai shi inda bai ce ba, a sa ya mayar da shi kyauta. In an ba mu ɗan wuri a bakin tasha, za mu ajiye benci da mutum biyu daga cikin matasanmu masu jin Hausa da Gwari da Turanci, su riƙa nuna wa baƙi hanya daga asuba zuwa isha'i. Ladansu a wuyanmu. Fentin alluna da masu rubutun ajami ma mun ɗauka, izini da wurin kafawa kawai muke jira.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da Mai Martaba ya ga dama, tare da direbobin da suka san hanyoyin nan, don a tsara abin da za a rubuta a kowane allo.

Allah ya ƙara wa sarki imani, ya zaunar da ƙasarsa lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
'Yan kasuwa, direbobi, 'yan dako da limaman bakin tashoshin Zuba.