Zuwa ga Ummina, a kan "put off" da gardamar fanka

Gombe,
daren Lahadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan zamanki a can Bauchi, na rubuto ne saboda saƙon da kika turo mini ranar Juma'a, inda kika ce kun yi gardama da ƙawarki a ɗakin kwana a kan jimlar "put off the fan", ita tana cewa kuskure ce, ke kuwa kina cewa ai haka kowa yake faɗa. Na so in amsa miki ta waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma kin san halin tsohon malamin Turanci idan aka sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi.

Ƙawarki ta fi ki gaskiya, amma kafin in faɗi dalili ina so ki dubi harshenmu tukuna. Mutum yakan ci tuwo, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci jarrabawa, ya ci sarauta, alhali in ban da tuwon babu abin da ya shiga bakinsa. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na nufin tauna da haɗiya, ranar da ya ji an ce wane ya ci amana, neman kwano zai yi. Turanci ma yana da irin wannan ɗabi'a, sai dai shi wata 'yar ƙaramar kalma yake rataya wa aikatau, kamar "off" ko "up" ko "out", ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Nahawunsu yana kiran wannan haɗi "phrasal verb". Kalmar "put" ita kaɗai tana nufin ajiyewa ko sanyawa, amma da zarar "off" ta biyo ta, to ki manta da ajiyewa, ki karɓi kalmomin biyu a matsayin abu guda.

Ma'anar da ta fi yawa ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. Idan aka ce "The test has been put off till Monday", gwajin yana nan, ranarsa ce kawai ta matsa zuwa Litinin. Kina ƙarama a 2019 lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta sanar cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, cewa zaɓen shugaban ƙasa sai ranar 23. Wanda zai ba da wannan labari da Turanci yana iya cewa "The election was put off for a week". A nan ne ɗalibai suke rikita shi da "call off", wanda yake nufin fasawa ɗungurungum. Bambancin ba ƙarami ba ne. In kin ji "The wedding was put off", ki adana ankonki, biki yana tafe; in kuwa "The wedding was called off" aka ce, to maganar mayar da lefe ake yi, kuma jaje ya kamace ki. Kuskuren kalma guda a irin wannan saƙo yana iya haɗa gidaje biyu faɗa.

Za ki ce ai akwai "postpone". Akwai, kuma ita za ki zaɓa in takarda kike rubuta wa shugaban sashenku. Turanci ya tara kalmomi masu yawa daga Latin da Faransanci, musamman bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa sau da yawa za ki tarar da abu ɗaya yana da suna biyu, na ofis da na tsakar gida. "Postpone" daga Latin take, tana sanye da babbar riga. "Put off" ita ce ta hira, kuma idan mutum ya faɗe ta a kan kansa, takan zo da ƙanshin nawa da kasala, kamar a "I keep putting off my assignment", wato kullum sai in ce gobe.

Wurin da na fi ganin jan biro a takardun ɗalibaina shi ne tsarin jimlar. Idan abin da aka ɗage suna ne, yana iya zuwa tsakiya ko ƙarshe, domin "put off the trip" da "put the trip off" duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "put it off" ake cewa, kuma "put off it" ba Turanci ba ne ko kaɗan a wannan ma'ana. Idan kuma wani aiki ne ya biyo baya, sai ya ɗauki "-ing" a ƙarshensa, a ce "She put off going to the market", ba "to go" ba. Sannan "put" ba ta sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci, jiya "put" yau "put", don haka kada ki ƙara mata "-ed" ko da hannunki ya so.

Da zarar mutum ne ya shiga tsakiyar kalmomin biyu, sai ma'anar ta koma wani gida. "The smell put me off the food" na nufin warin ya sa abincin ya fita daga raina. "Don't let one bad result put you off" na nufin kada sakamako ɗaya marar kyau ya kashe miki gwiwa. Akwai kuma ta je-ka-ka-dawo, wadda duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako guda sallah ya san ta: "The tailor keeps putting me off", wato tela yana ta yi mini hanya-hanya da uzuri. Abin da ke kewaye da jimlar ne yake nuna wadda ake nufi, kamar yadda ba a taɓa rikita cin bashi da cin tuwo.

Yanzu sai fankarku. Tushen matsalar shi ne "put on the fan" daidai ne, sai hankali ya ɗauka kishiyarsa "put off" ce. Gaskiya akan ji wasu mutanen Birtaniya suna faɗin haka a hirarsu ta gida, shi ya sa ban ce ƙawarki ta cinye gardamar duka ba, amma abin da kowa zai karɓa a jarrabawa da wajenta shi ne "turn off" ko "switch off". Wutar murhu ko ta gobara kuwa "put out" ake yi mata. Abin da ba shi da mafaka ko kaɗan shi ne "off the fan" da ake ji ko'ina, domin an ɗora wa 'yar rakiya, wato "off", aikin aikatau, an bar ta ita kaɗai a titi.

Kuskuren tufafi ya fi wannan muni, kuma ni kaina na faɗa ramin. Ina ɗalibin koyon malanta, aka tura ni wata firamare aikin gwaji, na rubuta a allo da kyakkyawan rubutuna: "Put off your shoes before you enter". Malamin da ya zo duba ni ya tsaya a bayan aji ya karanta, sannan ya tambaye ni a hankali, da Hausa, zuwa wace rana nake so yaran su ɗage takalman nasu. Kishiyar "put on" a sutura ita ce "take off". Shekara fiye da talatin ke nan, ban sake mantawa ba.

Saboda haka ki ware shafuka a bayan littafinki, duk lokacin da kika tsinci irin wannan haɗi a jarida ko a rediyo, ki kwafe jimlar gaba ɗaya, kada ki rubuta kalmomin biyu tsirara da fassara a gefe. Ki turo mini jimloli huɗu naki na kanki kafin Juma'a, ɗaya ta ɗagewa, ɗaya ta fita daga rai, ɗaya ta je-ka-ka-dawo, ɗaya kuma da "it" a tsakiya.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta kuma ce in tambaye ki ko kin je an duba miki idon nan da kike kuka da shi tun hutu. Na ce mata da Turanci zan tambaya, tun da darasin ya zo daidai: "You have put it off twice." Ki fassara mata wannan da bakinki idan kin kira, tare da ranar da za ki je.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.